Ai Ba Rediyon Ne Ya Lalace Ba, Alhaji

Tun kafin ku buɗe baki na san abin da za ku ce. Za ku ce duk abin da ya dame mu, ga tsadar buhun masara ga kuɗin makarantar yara, mutumin nan bai ga abin rubutu ba sai wani makaɗin Japan da ya rasu tun 1996. Na ji. Ku ajiye masarar nan tukuna, ba inda za ta. Gobe ma tsadarta na nan tana jiranmu a bakin kasuwa.

Laifin ma ba nawa ba ne, na taubashina ne. Alhaji ne mai shagon kayan gyaran mota, mutumin da in ka ji ya ce "wannan ɗan Japan ne" to ya gama rantsuwa, ciniki ya faɗa. Motarsa Toyota, babur ɗin yaron shagonsa Honda, janaretan gidansa Yamaha. Ran nan na ɗauke shi za mu ɗaurin aure, sai na saka wani kiɗa na Toru Takemitsu mai suna November Steps. Ba mu yi minti biyu ba ya miƙa hannu ya bubbuga rediyon.

"Bawana," ya ce, "abin nan ya mutu. Kawo shi shago gobe in sa yara su duba maka, ba zan caje ka da yawa ba."

Na yi shiru. Can sai mai kaɗa tsirkiya a cikin faifan ta sauke wani irin duka, ƙwas, kamar an tsaga itace. Alhaji ya zabura ya riƙe ƙofa. "Tsaya, tsaya! Wani abu ya ɓalle a ƙarƙashin motar nan."

Na ce masa ranka ya daɗe, abin da ya ɓalle ɗan Japan ne. Ya harare ni, ya ce Japan ba ta yin jabu, saboda haka ko dai ƙarya nake yi ko kuwa an cuce ni an sayar mini da na wata ƙasa. Tun daga ranar, duk majalisar da muka haɗu sai ya ba da labarin. Har yayata Hajiya ta ji, ta kira ni a waya ta ce, "Ƙanena, in kiɗan aljanu ka fara saurare ka faɗa mana da wuri, tun ana iya yi maka rubutu." To, da Alhaji, da Yaya, da ku masu karatu da na hango kuna gyaɗa kai kuna goyon bayansu, ku matso. Sahu za ku shiga, kuma sahun da tsawo, don ba ku kuka fara yi wa mutumin nan dariya ba.

An haifi Takemitsu a Tokiyo ranar 8 ga Oktoban 1930. Yana jariri iyayensa suka tafi da shi Daliyan, a yankin Manchuriya na ƙasar Sin, ya dawo gida don shiga makaranta. Gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, yana ɗan shekara 14, aka kwashe su aikin soja: haƙa da dakon kaya a wani sansanin ajiyar abinci cikin duwatsun Saitama, ga yunwa ga duka. An hana kiɗe-kiɗen abokan gaba, abin da yaro ke ji daga waƙar yaƙi sai waƙar yaƙi. Wata rana wani ƙaramin hafsa ya ja yaran gefe a ɓoye, ya fito da garmaho. Allura babu, sai ya fiƙe tsinken gora ya ɗora a kan faifan. Muryar wata mawaƙiyar Faransa ce ta fito, Lucienne Boyer, tana waƙar soyayya. Yaron bai san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba, amma daga wannan rana ya ƙudurta in ya tsira da ransa kiɗa zai yi.

Ku lura da wannan, ku da kuka haddace waƙoƙin Indiya tun kuna 'yan firamare ba tare da kun san ko zagin ku ake yi ba. A nan dai ba ku da bakin magana.

Yaƙi ya ƙare, Japan ta zama toka, Amurkawa suka mamaye ta. Yaro ya sami ɗan aiki a sansaninsu, tarin fuka kuma ya kama shi. Kwanciyar jinya ita ce makarantarsa: kunne manne da rediyon sojan Amurka, yana shan kiɗan Debussy da na sauran Turawa. Bai taɓa shiga kwalejin kiɗa ba, in ban da ɗan zaman da ya yi a gaban wani malami, Yasuji Kiyose, daga 1948. Fiyano kuwa ba shi da shi. Sai ya zana bakin fiyano a jikin takarda, fari da baƙi, yana naɗewa ya sa a aljihu, in ya sami wuri ya shimfiɗa yana dannawa, sautin na tashi a cikin kansa shi kaɗai. In yana tafiya a unguwa ya jiyo ana kaɗa na gaske a wani gida, sai ya yi sallama ya roƙi a bar shi ya taɓa na ɗan lokaci. Ku auna: saurayi ramamme, yana tari, bai san ka ba ba ka san shi ba, ya tsaya a ƙofar gidanka yana bara, ba ta tuwo ba, ta fiyano. Alhaji, in kai ne da kare za ka sa masa. Daga baya wani mai tsara kiɗa da ya riga shi suna, Toshiro Mayuzumi, ya ji halin da yake ciki ya aika masa da fiyano har gida, kyauta.

Yanzu ga shugaban sahunku. A ƙarshen 1950 aka fara kaɗa aikin Takemitsu a bainar jama'a, ɗan gajeren kiɗan fiyano mai tafiyar hawainiya. Wani babban mai sharhi, Ginji Yamane, ya rubuta a jarida cewa abin bai ma kai a kira shi kiɗa ba tukuna. Yaro ɗan shekara 20 ya karanta, ya rasa inda zai sa kansa, ya faɗa gidan silima ya zauna cikin duhu yana kuka. Yau masu kiɗa da yawa a wajen Japan ba su san Yamane da komai ba sai da wannan kasassaɓa. Ina faɗa muku ne don ku san irin ladar da ke jiran mai gaggawar yanke hukunci. Kar wata rana jikokin Alhaji su tashi su tarar abin da aka riƙe game da kakansu shi ne ya bubbuga rediyo.

Gaskiya kuma, in ba ta son kai ba, mutumin ya ba masu dariya abin dariya. A 1951 shi da wasu matasa, masu zane da masu kiɗa da marubuta, suka kafa wata ƙungiya ƙarƙashin inuwar mawaƙi Shuzo Takiguchi, suka kira ta Jikken Kobo, wato maƙerar gwaje-gwaje. Na'urar naɗar murya ta shigo sabuwa fil, su kuwa suka mayar da ita abin kiɗa. A naɗi ƙarar wani abu a tef, a yanyanka tef ɗin da almakashi, a juya wani yanki baibai, a rage gudun wani, a liƙe. A 1956 Takemitsu ya fitar da wani aiki na 'yan mintuna wanda ba komai a cikinsa sai kalma ɗaya, namiji da mace suna ta maimaita ta: a raɗa, a shagwaɓe, a fusace, cikin dariya, cikin kuka. Kalmar tana nufin so a harshensu. Kun san ko wace kalma ce? "Ai."

Ai kuwa! Ashe mutumin da Hausa yake kiɗa bai sani ba. Ku gaya mini, wace kalma muka fi wahalarwa kamar wannan? Akwai "ai" ta uwargida in an ce mata maigida zai ƙara aure. Akwai "ai" ta mai bashi in ya hango mai binsa. Akwai "aiii" doguwa ta tsohuwa da ta ji an ce wance ta fita zakka, da "ai" gajeriya ta ɗan kasuwa kafin ya ce albarka. Kullum kuna rera wannan aikin tun daga asuba har kwanciya, ba ko sisi. Shi ya naɗa a tef ya shiga tarihi, ku kuna nan kuna cewa rediyo ya mutu.

A 1960 ya ƙara da wani: ɗigar ruwa kawai ya naɗa, ya sarrafa ta har ta koma kamar bugun ƙaramar gangar gargajiyarsu. Yaya Hajiya, kafin ki ce a'uzubillahi, tuna mini da abin da ake kifawa a kan ruwa cikin baho ranar biki a cikin gida. Ƙwarya ce ko ba ita ba? Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta shekara nawa tana tashin mata tsaye da kiɗan da ruwa ke ba shi murya? Ke da kanki na sha ganin ɗankwalinki a ƙasa. In ruwa ya yi kiɗa a Funtuwa gwaninta ce, in ya yi a Tokiyo sai rubutu da tofi?

Abin da ya fitar da shi duniya kuwa kuskure ne. A 1957, ciwo ya ci ƙarfinsa har yana ganin kamar ba zai tashi ba, ya tsara kiɗan makoki na kayan tsirkiya zalla, dangin goge manya da ƙanana, don tunawa da Fumio Hayasaka, wanda ya yi wa fina-finan Akira Kurosawa kiɗa, tarin fuka kuma ya kashe shi a 1955. Aka kaɗa, ba wanda ya ce uffan na kirki. Sai a 1959 Igor Stravinsky ya kai ziyara Japan. In ba ku san shi ba, ɗan Rasha ne, shi ne a lokacin ake ganin ba na biyunsa a wannan fage, kuma shi ma ya sha tasa: a Faris, a 1913, ranar da aka fara nuna wani aikinsa, 'yan kallo sun kaure da ihu da zage-zage har masu rawa ba sa jin kiɗan. Gidan rediyon ƙasa, NHK, ya jera masa ayyukan manyan ƙasar don ya saurara. Wani ma'aikaci ya yi kuskure ya saka kiɗan makokin Takemitsu, wanda ba ya cikin jerin. Aka yunƙura za a cire, tsoho ya ɗaga hannu ya ce a bar shi ya kai ƙarshe. Da ya zo gaban 'yan jarida, sunan yaron nan ya kama. Ya gayyace shi cin abinci, ya gan shi ɗan firit, ya yi mamakin yadda kiɗa mai tsanani haka ya fito daga ɗan ƙaramin mutum. Shi kansa Stravinsky ɗin ba wani tsawo gare shi ba. Gaba ta kai shi, gobarar Titi. Nan da nan masu sharhin Tokiyo suka gano ashe tun da can suna son yaron.

Wannan hali kun san shi? Ni na san shi. Sai baƙo ya yaba ɗan gida sannan 'yan gida su tuna tare aka yi wasan ƙasa.

Ga wurin da labarin ya fi daɗi a gare ni, kuma a nan nake so ku ɗan rage surutu. Duk tsawon wannan lokaci Takemitsu ba ya ƙaunar kiɗan gargajiyar ƙasarsu. Da ya ji shi sai yaƙi ya faɗo masa a rai, da kakin soja, da yunwar Saitama. Gudunsa yake yi kamar yadda wasu 'yan bokonmu suka taɓa gudun kalangu, suna ganin ƙauyanci ne. Abu biyu suka juyo da shi. Na farko, ya shiga kallon wasan 'yar tsana na gargajiya da suke kira bunraku, sautin molonsu mai tsirkiya uku ya buge shi har ya rasa ta cewa. Na biyu, wani Ba'amurke, John Cage, wanda ya zo Japan a 1962.

Cage ɗin nan, na yarda, in kun yi masa dariya ba zan hana ku ba sosai. Shi ne a 1952 ya fitar da aikin da makaɗi zai zauna gaban fiyano minti 4 da daƙiƙa 33 bai taɓa ko ɗaya ba. Tarin 'yan kallo da motsin kujeru da iskar waje su ne kiɗan. Na san Alhaji zai ce in haka ne shi ma makaɗi ne duk ranar da Hajiyarsa ta tambaye shi kuɗin cefane. Amma wannan Ba'amurke ya sha karatun addinin Zen na Japan, ya zo yana ɗaukaka abin da 'yan Japan ɗin ke jin kunyarsa. Takemitsu ya sha faɗa da bakinsa cewa ta hanyar Cage ya gane darajar abin gidansu. Sai da aka zagaya da shi ta Amurka sannan ya ga ƙofar ɗakin kakarsa.

Da ya shiga ɗakin, abu biyu ya ɗauko, kuma su ne suka firgita Alhaji a motata.

Na farko suna ce masa sawari. Akwai wani abin kiɗa nasu, biwa, mai ciki kamar an raba ƙwai biyu, da tsirkiya huɗu ko biyar. Asalinsa ya biyo hanyar fatake daga yammacin Asiya ta ƙasar Sin, dangin udin Larabawa ne. Makafi ne suka shahara da shi a da, suna yawo gari gari suna rera labarin yaƙe-yaƙen dā. Masu sassaƙa shi da gangan suke gyara inda tsirkiya ke kwanciya don ta riƙa gogar itace, in an kaɗa sai ta bar wata 'yar zuuu mai ƙaiƙayi a kunne. Bature mai goge yakan shekara goma yana koyon yadda zai kawar da irin wannan ƙazanta daga sautinsa. Su kuwa nan daɗin yake. To ku dubi Allah ku dubi gangar da ake kaɗawa a ƙofar fada: igiyar nan da ake ɗaurawa a kan fata don ta riƙa zuza, ta mece ce? Ƙarafunan da ake maƙalawa a kan garaya suna caccaka fa? Ku cire su ku ba makaɗi, ku ga in bai ce kun kashe masa kaya ba. Kunnenku ya san sawari tun kafin a haifi Takemitsu, sunan ne kawai ba ku da shi. Kunne ya girmi kaka, amma wani lokacin yakan yi kamar bai gane 'yan uwansa ba in sun zo da baƙin kaya.

Na biyu suna ce masa ma. Shi ne tazarar da ke tsakanin sauti da sauti, shirun da ba fanko ba ne, wanda ke cike da jiran abin da zai biyo. A nan ne Alhaji ya ɗauka waya ta tsinke. Mu da muka ce shiru ma magana ce, mu ne kuma ba ma iya jure shirun daƙiƙa biyar a cikin faifai. Ku tuna tsohuwa mai tatsuniya in ta kawo inda Dodo ya tsaya a bakin ƙofa: takan yi tsit, ta dubi yara ɗaya bayan ɗaya, ba mai ko haɗiyar yawu. Wa ya taɓa cewa tsohuwa ta lalace a kai ta shago? Wannan tsit ɗin shi Takemitsu ya mayar da jari. Yakan saki sauti guda, ya bar shi ya rayu, ya tsufa, ya mutu a gabanka, sannan ya saki wani. Shi da kansa yakan kwatanta kiɗansa da lambun gargajiyar Japan: ba a shigarsa da gudu, zagayawa ake yi, dutse na nan inda yake, itace na sauya kama a hankali, kai ne mai tafiya.

Na san inda cutar take. An saba mana da kiɗan da ke riƙe mu a kwankwaso tun daga bugun farko, ga amshi ga kirari ga sunan mai liƙi. Wannan kuwa ba ya kiran sunan kowa, ba a rawa da shi, ba a yi masa liƙi. Alhaji ya tambaye ni, da gaske yake, "To in ba a rawa, ba a ambaci kowa ba, wa ke biyan makaɗin?" Tambaya ce ta ɗan kasuwa, kuma tana da amsa.

Gungun makaɗan birnin Niyok, New York Philharmonic, za su cika shekara 125, suka ba shi kwangilar sabon aiki. Shugabansu Leonard Bernstein ya ji wani aikin Takemitsu na 1966 da ya haɗa biwa da shakuhachi, ta hannun matashin jagoran makaɗa Seiji Ozawa. Shakuhachi sarewar gora ce mai ƙofa biyar, tsawonta ya ɗan haura santimita 54, wadda wasu sufayen Zen kan busa suna yawon bara da kwando kife a kai har wuya. Rabin sautinta numfashi ne, wani lokaci kamar iskar hunturu ta ratsa zana. Aka ce ya haɗa waɗannan biyu da gungun makaɗan Turawa. Ya gwada dama su wuri guda, ya ga ba za su damu ba, kamar mai da ruwa. Sai ya yanke shawarar da ta sa nake ganin girmansa: ya ƙi tilasta musu aure. Ya ajiye su fuska da fuska, kowa da harshensa, wannan ya yi magana wancan ya saurara.

Mai biwa mace ce, Kinshi Tsuruta. Mai sarewa Katsuya Yokoyama. Ranar gwaji a Niyok suka fito cikin kayan gargajiya, suka fara, sai ga ƙwararrun makaɗan Amurka suna ƙyalƙyala dariya. Alhaji, ga 'yan sahunku na biyu, masu kwat da taye. Ran Takemitsu ya ɓaci ƙwarai. Ozawa ya tsayar da kowa, ya ce a yi shiru a bar mutum biyun nan su kaɗa dogon ɓangarensu su kaɗai. Tsuruta ta sauke faffaɗan abin kaɗawarta mai kama da mafici a kan tsirkiya da itace gaba ɗaya, ƙwas ɗin nan da ya sa ka riƙe ƙofa. Sarewa ta shiga da hucinta. Zauren ya mutu. Da suka gama, masu dariyar nan su suka fara tafi. Ranar 9 ga Nuwamban 1967 aka kaɗa November Steps a gaban jama'a, kuma tun daga nan ya zaga manyan zaurukan duniya. Su dai Amurkawan minti kaɗan suka ɗauka kafin su tuba. Kai yau wata nawa?

In kuma har yanzu kuna ganin abin na masu gilashi ne, to ku sani da silima ya ci abinci. Fim ya haura 90 da ya yi wa kiɗa, kuma mayen kallo ne, irin wanda in ya sauka baƙon gari gidan silima yake fara nema ko da bai jin harshen. A fim ɗin Masaki Kobayashi na 1962, Harakiri, ya saka biwa. A Kwaidan na 1964, fim ɗin fatalwa, ya ɗauki ƙarar itace na tsagewa ya sarrafa, ya kuma riƙa jinkirta sauti ya ƙi zuwa daidai da abin da ido ke gani, sai mai kallo ya ji tsigar jikinsa na tashi bai san dalili ba. A nan, Yaya, na sallama miki: wannan kam kiɗan aljanu ne, da gangan aka yi shi. A ciki ma akwai labarin wani makaho mai biwa da fatalwowi ke ɗauka kullum dare ya yi musu kiɗa a maƙabarta. Malaman gidan ibada suka rubuce masa jiki kaf da addu'o'insu don ya ɓace wa fatalwa, suka manta kunnuwa. Fatalwa ta zo ba ta ga kowa ba sai kunne biyu a iska, ta fizge abinta ta tafi. In za ki sa a yi mini rubutun, don Allah a fara ta kunne.

Wanda zan roƙe ku ku nema ku kalla shi ne Ran na Kurosawa, 1985, labarin tsohon sarki da ya raba ƙasa tsakanin 'ya'yansa uku ya jawo wa kansa bala'i. Akwai inda ake kai wa ganuwarsa hari: dawakai, kibau, wuta, jini ko'ina. Duk wani daraktan da kuka sani da ya cika wurin da kururuwa da ƙarar takubba. Nan kuwa an ɗauke sautin yaƙin ɗungurungum. Kana ganin bakuna a buɗe ba ka jin ihu, sai wani kiɗan makoki mai nauyi yana tafiya a hankali bisa gawawwaki, minti bayan minti, har sai harbin bindiga guda ya fasa shi, ya kayar da babban ɗan sarkin daga kan doki, duniya ta dawo da hayaniyarta. Ban taɓa ganin wanda ya kalli wurin nan yana cin gyaɗa ya ci gaba da tauna ba. Shi da Kurosawa sun yi ta kai ruwa rana a kan kiɗan fim ɗin, kowa da taurin kansa, ba su kuma sake aiki tare ba. Manya biyu a inuwa ɗaya, kun san sauran.

Kada ku zaci mutum ne mai ɗaure fuska. Ya ɗauki waƙoƙin Beatles ya tsara su don jita guda. A 1981 ya yi wa ƙungiyar Greenpeace kiɗan sarewa da jita don yaƙin da take yi na ceton manyan dabbobin nan na teku, dangin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa, alhali ƙasarsa na cikin masu farautarsu. A 1990, don bikin cikar zauren Carnegie na Niyok shekara 100, ya tsara aikin da makaɗa biyar ke jan dogayen ƙyallaye masu launi da aka ɗaura wa ƙararrawa can sama, sauti na zubo wa jama'a a ka. Da ya manyanta ma kiɗansa ya yi laushi, ya yi zaƙi, har wasu tsofaffin abokan gwaje-gwaje suka fara gunaguni wai ya sayar da kai. Da fari an ce abinsa bai kai kiɗa ba, daga baya aka ce ya cika daɗi. Mutane dai ba a iya musu, ko a Tokiyo ko a majalisar ƙofar shagon Alhaji.

Ciwon daji ya kama shi a mafitsara a 1995. Yana kwance a asibiti, magani ya hana shi cin abinci, sai ya ɗauki littafi yana rubuta girke-girke iri iri yana zana hotonsu da fensir mai launi, abincin da bakinsa ba ya iya karɓa. Mutumin da ya fara da fiyanon takarda ya ƙare da tuwon takarda. Ya rasu ranar 20 ga Fabrairun 1996, yana da shekara 65. A 1997 aka buɗe babban zauren kiɗa na Tokyo Opera City da sunansa, kuma ana gasar matasan masu tsara kiɗa don tunawa da shi, wadda alƙalinta mutum ɗaya ne tak kowace shekara, ba kwamiti.

Da na gaya wa Alhaji wannan na ƙarshe, ya gyara hula ya ce to in mutum ɗaya ake nema shi ma zai iya, a rubuta musu. Na ce sai ya fara zama ya ji November Steps daga farko har ƙarshe, minti ashirin ne ko ƙasa da haka, ba waya, ba carbi, ba bubbuga rediyo. Ya ce ya yarda, da sharaɗin a motarsa za a saka, don har yanzu bai gamsu da sifikun tawa ba. Asabar mai zuwa muka sa, bayan la'asar. Yaya Hajiya ta ce za ta zo, amma daga waje za ta tsaya, da kofin rubutunta a hannu.